Buhun Dankalin Da Na Kai Wa Banki

Jama'a, kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan wannan labari.

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Laranto da ke Jos, ni da sakataren ƙungiyarmu ta masu katako. Injin tsaga itacen da muke ci da shi a kasuwar Katako ya tsufa kamar ni, bankinmu kuwa ya yi alkawarin samo mana rancen dala daga wani bankin Turai mu sayo sabo. Wata takwas shiru. Na ce ai rashin gaisuwa ne, na sa aka ɗaura buhun dankali a bayan mota, sai Abuja.

A gangaren Hawan Kibo mai haɗari direba ya kashe rediyo, kowa ya tuna da Allah. A Akwanga muka ci doya da ƙwai, kuɗin faranti ɗaya a zamaninmu cefanen mako ne. Daga Keffi zafi ya sa na tuɓe rigar sanyi.

A babban ofishin bankin, mai gadi ya tsare buhun a ƙofa. Ogar da ta karɓe mu sa'ar 'yata ce.

"Baba, ba mu muka hana ba," in ji ta. "Dokar bankunan Turai ta ce duk rancen da banki zai bayar, sai ya ware wani kaso na jarinsa ya tsaya masa. Ƙasa irin tamu ana ganinta da haɗari, kason ya fi yawa. Shi ya sa suka rage ba mu, abin da suke bayarwa kuma ya yi tsada."

Na gyara hula, da ilimina na aji huɗu na yi mata lacca a kan yadda Bature ya raina mu tun zamanin haƙar kuza. Ta saurara tsaf, ta ce injin sai an jira.

Bayan la'asar sakaliya muka shigo Jos. A tsakar gida na sanar da darasin tafiyar: masu kuɗin duniya ba su da imani, ƙasar mutum suke dubawa, ba halinsa ba.

Maiɗakina ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Malam, bara ƙanena ya nemi bashin katako a wurinka zuwa kaka. Cewa ka yi mutanen ƙauyenmu ba su da tabbas, jarinka ba zai ɗauka ba. Kai a wace unguwar Turai aka haife ka?"