Makunni Mara Nauyi Zuwa Gidimuni

Ranar Talata bayan sallar asuba muka bar Damagaram, ni da ƙanwata mai aikin wutar sola. Gidimuni muka nufa. Injin da ke ja wa masu lambu ruwa ya tsaya, domin makunnin da ke tsakaninsa da farantan sola ya ƙone karo na biyu, albasa kuma ta fara kwanciya. Ni direba ne kawai a wannan tafiya.

Hanya lafiya lau har Mirriya, inda jandarmomi suka duba takardu, muka karya da kunu da ƙosai. Daga nan sai ramuka jefi-jefi. Gidimuni farat ɗaya take bayyana: rairayi, rairayi, sai ga tafki da dabino. Rake ya yi arha har na ji kunyar tayawa.

Shugaban masu lambun, wani dattijo mai fara'a, ya karɓi sabon makunnin ya jinjina shi a tafin hannu, ya ɗauki ƙonannen a ɗaya hannun. Ashe haka suka zaɓi na baya a kasuwa, yadda ake zaɓen kwaɗon ƙofa: mai nauyi shi ne mai ƙarko.

"'Yata, wannan ai ba nauyi. Wanda ya fi shi ma ya narke."

"Baba, na wutar gida kuka saya."

Ta yi masa bayani a tsanake. Wutar gida kai da komowa take yi, in an yanke ta tartsatsin kan mutu da kansa. Ta sola hanya ɗaya take gudu, kuma farantan da aka jera sun tara ƙarfin da ya ninka na gida. In ƙarafan makunni suka rabu, sai ta bi iskar da ke tsakaninsu ta ci gaba da ci. Don haka rubutun jikinsa ake dubawa: na sola ne, kuma ƙarfin wuta bolt nawa yake ɗauka. Namu dubu ne, ya haura abin da farantan ke bayarwa.

"In ya ƙone fa?"

"Sai ku riƙe yayana."



Aka kwaso tabarmi aka lulluɓe farantan, ta cire wayoyinsu, ta auna, sannan ta ɗaura makunnin. Ta ƙi gwadawa sai da rana ta take. Aka yaye tabarmin, ta kunna, ruwa ya biyo kwalbati. Sai ta kashe shi injin yana tsakiyar aiki, wanda nan ne na baya suka ƙone. Ƙara ɗaya ya yi. Dattijon ya kai hanci kusa ya shinshina, bai ji ƙauri ba.

Mun iso gida da magariba, bayan mota cike da rake. Na koyi cewa a kayan wuta ido ake sakawa a rubutu kafin hannu ya yanke hukunci.

Shekaranjiya dattijon ya kira. Albasar gefen yamma ba ta tashi ba, sauran ta farfaɗo. Ƙonannen makunnin kuma da shi suke tokare ƙofar lambu.