Zare Uku da Hijabin Surukata

Akwai abin da mutum kan manta tun kafin rana ta faɗi, akwai kuma wanda ke zama a zuciya har ranar da ƙasa za ta rufe ido. Abin da ya shiga tsakanina da keken maiɗakina, a shekarar da mahaifiyarta ta sauke farali, yana cikin kashi na biyu. In dai ina numfashi, ba zan manta da shi ba.

Ni mutumin Kankia ne, kuma ban yi boko ba. Karatuna na allo ne da na zaure, rubutuna kuwa ajami. Maiɗakina tela ce, a cikin gida take ɗinki, mata suna kawo mata. Keke biyu gare ta. Akwai na ɗinki wanda kowa ya sani, sai kuma wani ƙarami da teloli ke kira keken wibin, wanda aikinsa shi ne ya datse bakin yadi ya bi shi da saƙar zare don kada ya riƙa warwarewa. Zare uku yake ci a lokaci guda. In ka buɗe cikinsa sai ka ga zaren nan sun bi ta wasu ƙugiyoyi da 'yan ramuka, wannan ya haura, wancan ya gangara, ba ka san inda ɗaya ya ƙare wani ya fara ba.

A farkon daminar wannan shekara ne surukata, wadda ke zaune a Rimaye, Allah ya kira ta aikin hajji bayan ta daɗe tana fata. Ranar Lahadi ta zo da yadinta a ƙulle cikin ɗankwali, ta ajiye gaban 'yarta ta ce, “Hijabai uku nake so, kuma ke za ki ɗinka da hannunki. Ban yarda ki ba kowa ba. In na tsaya Arfa ina so in ji hannun ɗiyata a jikina.” Safiyar Alhamis motar da za ta kai su sansanin alhazai za ta biyo ta Kankia, a nan za ta karɓa.

Kafin Talata maiɗakina ta yanka ta haɗa, saura bin baki kawai da keken wibin, aikin da bai fi na sa'a guda ba. Da hantsi sai ta tafi Fakuwa barkar haihuwa, ta bar ni a gida. Na shiga ɗakin ɗinki neman almakashi, idona ya faɗa kan keken nan a buɗe, cikinsa cike da burbushin yadi da ƙura. Ni kuwa mutum ne da ba ya iya ganin ƙura a kan littafi ya wuce. Sai zuciyata ta ce mini, baiwar Allah nan kwana biyu tana sunkuye, me zai hana ka faranta mata? Na samo gashin kaza da nake share littattafaina da shi, na ɗauko man keke, na zauna. Zaren nan suka riƙa tare mini hanya, sai na zare su ɗaya bayan ɗaya, na naɗe kowanne a jikin dunƙulensa tsaf. Na share, na ɗiga mai, na goge har yana ƙyalli. Allah ya sani, har alfahari nake yi a raina.

Bayan la'asar ta dawo. Ina zaune a tsakar gida ina jiran godiya, sai na ji shiru ya yi yawa. Can ta fito, ta tsaya bakin ƙofa.

“Malam, wa ya shiga ɗakin nan?”

Na ce, “Ni ne. Kin ga yadda ya yi fes?”

Ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” ta zauna daɓas a kan turmi.

A nan ne na san abin da ban sani ba cikin shekara ukun da keken ya yi a gidana. Ashe ba a zare zaren keken wibin. In zare ya ƙare ko za a sauya launi, yanke shi ake yi daga sama, a ƙulla sabon a wutsiyar tsohon, a ja a hankali, tsohon ya ja sabon ya bi duk hanyoyin nan har ya fito. Tun ranar da mai sayarwa ya saka mata zaren farko, haka take yi. Ba ta taɓa saka shi daga tushe ba, kuma ba ta iya ba. Ta faɗa mini wannan kanta a ƙasa, kamar mai amsa laifi, alhali ni ne mai laifin.

Na ce bari in kira wani tela daga bakin kasuwa. Ta ɗago da sauri. “Don Allah, Malam, kar ka tona mani asiri. Gobe gari ya ɗauka cewa mai koya wa 'yan mata ɗinki ba ta iya sa ma kekenta zare ba?” Na ce to in ɗaure keken a bayan babur in kai Kusada, inda nake da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, tsohon tela mai irin wannan keke. Ta dube ni ta ce, “Sau ɗaya ka taɓa shi ga inda muke. Ba inda za shi.” Na haƙura, don gaskiya ta faɗa.

Laraba da sassafe na hau babur ni kaɗai, da takarda da alƙalami a aljihu, domin wayoyinmu duka ƙanana ne, ba sa ɗaukar hoton kirki. Hanya duk manoma sun fito shuka. Na tarar da taubashin nawa a shago, ɗinkin maniyyata ya yi masa tsibi, ko ɗaga kai da ƙyar yake yi. Da na gama ba shi labari sai ya saki keke, ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

“Kai bawana! Mai karatu ya koma bakanike? Mi ya kai gashin kaza cikin keken mutane?”

Na ce, “Kai ne bawa. Yi dariyarka ka ƙare, sannan ka taimake ni. Tsohuwa gobe take tafiya.”

Jin an ambaci tsohuwa sai ya share ido. Ya ce ba zai iya barin shago ba, amma zai yi mini abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya jawo nasa keken wibin, ya yi bisimilla, ya zare zaren duka uku a gabana. Sannan ya ɗauki hantsaki ya fara mayarwa a hankali, ni kuwa ina rubutawa da ajami, ina zana kowane rami da kowace ƙugiya kamar yadda nake zana zayyana a allo. Ya ce a fara da zaren ƙugiyoyin ciki, ɗaya bayan ɗaya, na allura shi ne na ƙarshe.

“Ka rubuta wannan da kyau,” in ji shi. “Kamar alwala ce, sai da tartibi.”

Malantata ta motsa, na ce, “Ai a wajenmu jeranta gaɓoɓin alwala sunna ne.”

Ya ce, “To a wajen wannan keken farilla ne. Kuma shi ba ya karɓar ƙabli ko ba'adi.”

Sau uku ya saka ya zare, a na huɗu ya miƙo mini hantsakin. Yatsuna da suka saba da alƙalamin kara suka riƙa kuskuren ramukan, yana ta tsiya yana cewa da ya san haka nake da tun muna yara ya sayar da ni. Amma na saka, keken ya saƙa.

Na iso gida bayan azahar, hadari na haɗuwa a gabas. Na tarar ko girki ba ta ɗora ba. Muka jawo keken bakin taga don haske, na zauna a tabarma ina karanta takarda, ita tana bi da hantsaki. Shekara goma sha tara da aurenmu a lokacin, ban taɓa zama ina karanta mata wani abu tana bi da hannu ba sai ranar. Muka gama, ta sa ƙyalle ta taka. Keken ya yi ƙara, zare ya cukurkuɗe, ya tsinke. Muka sake, ya sake tsinkewa. Ta ajiye hantsakin, na ga idonta ya kawo ruwa.

“Shi ke nan, Malam. A kai wa wani ya bi bakin. In Inna ta tambaya in faɗa mata gaskiya.”

Na ce ta dakata. Na bi takardar layi layi, ina duban keken. Sai na lura duk lokacin da zaren ƙugiyar ciki ya tsinke, shi kaɗai take mayarwa, ta bar na allura a inda yake, don haka hannunta ya saba a keken ɗinki. Wato na ƙarshe ya zama na farko. Na ce, “Zare su duka, mu ɗauko daga tushe.”

Ta dube ni da jajayen idanu. “Yau kuma ni za ka sa in zare da hannuna?”

Na ce, “Wannan karon da izini.”

Dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye. Ta yi bisimilla ta zare, muka bi a jere. Da ta taka, sai ga wata siririyar saƙa tana fitowa ta bayan allura, lafiya lau, ba tsinkewa. Nan take ta jawo hijabin farko. Kafin ruwa ya sauko an gama duka ukun.

Safiyar Alhamis surukata ta shigo, mota na jira a waje. Ta ɗauki hijabi ɗaya, ta bi bakinsa da yatsa tun daga farko har ƙarshe, sannan ta sa a jikinta. Ta ce, “Allah ya yi maki albarka. Zan ambace ki a inda ba a mayar da addu'a.” Ta juyo wajena ta ce, “Kai ma, Malam, na san kana taimaka mata.” Na sunkuyar da kai don kunya. Maiɗakina ta rufe baki da gefen mayafi, tana danne dariya, amma ta ce, “Ƙwarai kuwa, Inna. Ba don shi ba da ban iya ba.”

Har yau ban tabbatar ko yabo ne ko tsiya ba, kuma ban tambaya ba. Abin da dai na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ta sa ka taɓa abin da ba ka da saninsa. Sana'ar mutum ɗakinsa ce, kuma alheri ma sai ya yi sallama kafin ya shiga.