Sifilin Kawu

Shekarar da aka kore shanun Kawu daga Ruma, ina Safana ina yi wa wata ƙungiyar agaji aikin kwamfuta. Za a raba awaki ga makiyayan da ɓarayin daji suka kwashe wa dabbobi, wanda ya fi rashi shi ne a gaba. Ma'aikata na bin mutane da waya suna tambayar shanu nawa suka rage, ni kuma na rubuta ɗan shirin kwamfuta da yaren JavaScript wanda zai tace amsoshin ya jera sunaye.

Wanda ya san makiyayi ya san ba ya ƙirga garkensa a bainar jama'a. Ka ce "nawa?" ya ce "Alhamdulillahi." Ma'aikatan nan kuwa, Allah ya shirye su, haka suke rubutawa a gurbin lamba. Wani ya sa "da dama", wani ya bar wurin fayau. Haushi ya ishe ni. Ga wuta babu, ga batir na shirin mutuwa, ga oga na ta leƙo ni kamar mai jiran a sauke tuwo. Na rubuta layi ɗaya a gurguje: a mai da amsa lamba, in ba ta ba da komai ba a jefar. Na gwada da biyar, da arba'in, da Alhamdulillahi, duk ya yi daidai. Ban gwada da sifili ba. A wannan yaren, in ka yi tambayar sakaka haka, sifili da rashin amsa duk ɗaya ne.

Bayan an yi rabo na je Batsari ranar kasuwa. Na tarar da Kawu, ƙanen mahaifiyata, a ƙofar gidan da aka ba shi aro, da sababbin igiyoyin ɗaure awaki biyu da ya tufka a gefensa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Ɗan nan, kai da ke cikinsu, mi ya hana a kira ni? Gaskiya na faɗa masu. Na ce ko ɗaya ba ta rage ba."

Ko ruwan da aka kawo ban sha ba, na tari mashin, duk hanya ina ce wa mai shi ya ƙara wuta. Ina isa ofis na buɗe sunayen da shirin ya jefar. Ga Kawu, ga wasu irinsa, kowa da sifili. Waɗanda aka yi abin dominsu, su na zubar da hannuna.

Gyaran bai ci minti biyu ba, tambaya ce kai tsaye: shin wannan lamba ce? Na kai wa oga sabon jeri. Ya duba, ya ce awaki sun ƙare, sai in an sake wani rabon.

Har yau ban faɗa wa Kawu ba, kunya nake ji da tsoro. Duk zuwana sai ya ce in gaida mutanen ofis, in tuna masu da shi, tunda Allah ya sa yana da nasa a ciki.