Inda Aka Binne Zuciyar Sarkin Sikotland

Mun tashi da asuba daga unguwar Ƙiblatain a Madina, Asabar ta biyu a watan Shawwal, shekarar 1981, ƙarfe biyar da rabi. Mu uku ne a mota: ni, da abokin aikina Basudane, da direba, mutumin Damagaram. Makarantar da muke koyar da Turanci ce ta tura mu biyun kwas na mako uku a Edinbara, ƙasar Sikotland. A jakata akwai takardar sabunta kwantiragi na shekara uku, wadda shugabanmu ya ce in kawo da sa hannu idan na dawo. Shekarata shida a Madina, iƙamata kuwa, wato takardar izinin zama, ba ta iyali ba ce. Matata da 'yata suna Gusau, sau biyu kacal na je.

A Badar muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasa mai zafi. Direba ya yi ta maimaita kaset ɗin da matarsa ta aiko, har muka haddace cewa akuyarsu ta haifi biyu. Haka muke wasiƙa a nan: ka yi magana a kaset, ka ba alhaji mai komawa gida. Ni da na yi shekara bakwai ina karanta labarai a rediyo, nawa ba ya wuce minti goma. A na ƙarshe da aka aiko mini, 'yata ta ce, "Baba, mun ji labaran duniya. Yaushe za ka yi mana hira?" Shekararta goma sha ɗaya.

Daga Jidda muka hau jirgi zuwa Landan, daga nan jirgin ƙasa zuwa arewa. Ko'ina kore, tumaki kuma sun fi mutane yawa. Kifi da dankali muka liƙe wa, sai wani kunu mai kauri da suke zuba wa gishiri da safe. Kuɗin shayi kofi ɗaya zai cika maka buta a Madina. Abokina ya ce bai taɓa ganin ƙasar da ruwa ke zuba kyauta kullum ba, amma da zarar an tafasa shi sai ya yi tsada.

Lahadi ta biyu aka kai mu wani ƙaramin gari a kudu da Edinbara, inda akwai kangon coci na jan dutse. Wata tsohuwa mai zagayawa da baƙi ta nuna mana ciyawa, ta ce a ƙarƙashinta aka binne zuciyar wani sarkinsu, shekara ɗari shida da 'yan kai da suka wuce. Ya yi burin zuwa Ƙudus, yaƙi ya hana shi. Da zai mutu sai ya ce a cire zuciyarsa a kai can. Bardensa ya ɗauke ta a ƙaramin akwati, aka kashe shi a Andalus, aka dawo da ita gida.

Ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Tsohuwar ta ce a farkon sarautarsa abokan gaba sun kama matarsa da 'yarsa, suka riƙe su shekara takwas. Yarinyar tana kusan shekara goma aka tafi da ita, ta dawo cikakkiyar budurwa. Shekara biyu zuwa uku bayan haka ta faɗo daga kan doki tana da ciki, ta rasu. Na tambaye ta ko yarinyar ta gane mahaifinta ranar da suka haɗu. Ta ce ba wanda ya rubuta wannan.

A motar komawa 'yata ce a raina. Shi sarki ƙwace masa tasa aka yi. Tawa tana gidan kakanta, ba wanda ya tsare ta, kuma shekara shida da ukun sabon kwantiragi tara ne.

Mun dawo Madina ranar Alhamis da rana, zafi ya tarbe mu a ƙofar mota, na ji daɗinsa. Bayan la'asar a Harami na gaya wa maƙwabcina shawarar da na yanke. Dattijo ne Bakano, da ƙafa ya zo ta Sudan tun yana saurayi.

"Malam, lafiyarka kuwa? Mutane na sayar da gona su zo su mutu a nan, kai da ranka za ka fita?"

"Baba, yarinya tana girma."

"Haka ne," in ji shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Tawa ta yi jikoki. Ban san muryarta ba."

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Wuri mai tsarki yana nan inda yake, ko ka zo ko ba ka zo ba, amma ƙuruciyar 'yarka ba ta jiranka. Tun yanzu na fara kewar Madina, ina tafiya a hankali idan na fito daga masallaci.

Na mayar da takardar ba sa hannu. Ranar Laraba aka buga mini bizar fita ta dindindin, jirgina na Kano zai tashi bayan Arfa da kwana goma sha biyu.