Malam Sanda da Keken Baffa

Ina shayar da shanu a bakin rijiya ranar Laraba sai wani ɗan kabu-kabu da ya fito daga Gidan Rumji ya tsaya, ya ce mini Allah ya yi wa Malam Sanda mai gyaran keke rasuwa. Na yi salati, na ajiye guga. Hankalina ya tafi kan mahaifina, domin ban san da wane baki zan faɗa masa ba.

Malam Sanda mutum ne marar gaggawa. In ka kawo masa keke, sai ya sa ka hau ka zagaya rumfarsa tukuna, yana kallon ƙafafunka. Yakan ce, "Ni ba ni gyaran keke sai na ga mai hawa nai." Na sha jin haushin wannan jan rai nasa, musamman ranar kasuwa.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana da wani tsohon keke da ya girme ni. A kansa yake zuwa kasuwa da gaisuwar mutuwa da suna. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, sai rairayin hanyar rugarmu ya gagare shi, ya riƙa sauka yana turawa idan ya ga babu mai ganinsa. Mu 'ya'yansa muka yanke shawarar karɓe keken, mu riƙa ɗaukar masa moto, wato babur ɗin haya. Amma Baffa Bafillace ne na gaske, ya gwammace ya faɗi a hanya da ya ce ya gaji. Mun san ran da aka raba shi da keken, ran nan zai zauna a bukka, ba zai sake fita ba.

Na je na kwashe labarin na faɗa wa Malam Sanda. Ya ce, "Kak ku karɓe. Ku bar min shi."

Da Baffa ya kawo faci, Malam Sanda ya juya tayar baya, ya tsuke baki, ya ce, "Kai, Bafillace, wanga ƙarhe na baya haƙora nai duk sun cinye. Rowa ta hana ka sakewa?" Lafiyar haƙoran ƙalau, ina tsaye ina gani. Ya cire shi, ya ɗaura wani mai faɗi, mai haƙora da yawa, ya ƙara wa sarƙa tsawo. Keken ya rage gudu, amma feda ta yi laushi, har rairayi ya daina tsayar da shi. Bai ambaci gwiwa ba, bai ambaci tsufa ba. Ni kaɗai ya ja gefe ya ce, "In ƙarhin ƙahwa ya rage, sai a ƙara haƙori."

Ranar Larabar nan da na faɗa wa Baffa rasuwar, na ce bari in kira moto. Ya girgiza kai, ya fito da kekensa, ya tuƙa har ƙofar gidan mamacin. Da ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa, ya dubi babban ɗan marigayin, ya ce, "Haƙoran nan ba su cinye ba, na sani tun ran nan. Ubanka ya rufa mini asiri." Ban taɓa ganin hawayen Baffa ba sai ranar.

Ya Allah, kamar yadda Malam Sanda ya rufa wa tsoho asiri, Ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa hawan siraɗi. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka raya abin da ya bari, Ka haɗa su da masu tausaya musu. Amin.