Takardar Yayarta

A ɗakin wankin otal ɗin kowa Mai Guga yake kiranta, kuma hakan ya fi mata daɗi, don sunan da ke kan katin aikinta ba nata ba ne. Na yayarta ne, wadda ƙyanda ta ɗauke tana shekara tara. Ko sati biyu ba a yi da rasuwar ba, uban ya kwashi rigar makarantar marigayiya da takardar haihuwarta ya ɗora wa ƙanwar mai shekara biyar, wai kada gurbin ya tafi a banza. Uwar kuwa tun daga ranar ba ta sake kiranta da ainihin sunanta ba.

Haka ta tashi da shekara huɗu na aro. A aji kullum ita ce ta ƙarshe, malamai suna zane ta a kan daƙiƙanci, alhali yarinya ce aka jefa cikin manya. Ta bar karatu, ta kama dutsen guga, shekara ashirin tana miƙar da zannuwan gadon da ba ta taɓa kwanciya a kai ba.

Sai hannun hagu ya fara mutuwa. Ta ɗaga zani za ta ninke, hannun ya yi sanyi ƙalau, jiri ya kwashe ta. Shugabar wanki ta ce lalaci ne. Shekara biyu tana fama kafin ta je asibiti, inda nas ta laluba wuyan hannun ta rasa bugun jini, ta kira likita.

Likitan nan har da murmushi, kai ka ce tsintuwa ya yi. Ya ce manyan jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya ne suka kumbura suna toshewa. Ciwo ne na mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan, yawanci mata. Shekara shida yana ƙirga masu shi, ita ce ta sha ɗaya. Duk wadda ta shiga ƙirgar ana yi mata allura kyauta, kuma in ba allurar, bayan hannun, ido ma zai iya mutuwa.

Da ya duba katinta murmushin ya ɗauke. Ƙirgar ta waɗanda ciwon ya fara musu kafin shekara arba'in ce, ita kuwa a takarda tana arba'in da ɗaya ya kama ta. Ta kwashe labarin yayarta ta faɗa masa. Ya ce ta kawo wanda zai shaida.

Uban ya daɗe da rasuwa. Ta yi wa uwar bayani har sau uku, ta riƙo ta a kan matakalar asibitin da hannun da ya rage. Tsohuwar nan lafiyarta ƙalau, wallahi ta san abin da take yi. Ta zauna, ta gyara mayafi, likita ya tambaye ta wacce ce wannan a cikin 'ya'yanta.

"Babbar ce," in ji ta.

"Mama, don Allah," Mai Guga ta ce, "ni ce fa."

Uwar ko kallonta ba ta yi ba.

"Ƙaramar ce ta mutu, likita. Tana shekara biyar."

Likita ya ja layi a kan lamba sha ɗaya, ya ce a shigo da na gaba.