Mutum Ɗaya a Bangon Gidan Waya

A shekarar 1974 Malam Inci ya fara haɗuwa da Baibai, cikin watan Maris, ranar wata Talata. A lokacin ba a fara kiransa Malam Inci ba tukuna. Ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin safiyo, mai zana taswira, da wandonsa mai karin guga da fensir a bayan kunne. Shugabansa ne ya aike shi ya yo wa ofis sabon hatimi, aka kwatanta masa bangon gidan waya da ke babban titin tsakiyar gari. Can ya tarar da wani dogon saurayi siriri a bayan tebur, ya duƙufa a kan guntun roba da rabin reza a hannu.

Ya leƙa aikin, ya ce cikin ladabin da aka koya masa a makaranta, "Gafara dai, ina jin ka yi kuskure. Haruffan nan duk a juye suke."

Saurayin bai ko ɗago ba. Ya dangwala robar a tawada, ya kamo hannun ɗan safiyon, ya buga masa a bayan hannu. Sai ga rubutu ya fito tsaf, kowane harafi ya fuskanci inda ya kamata.

"Ni kuma ina jin an sallame ka daga makarantar nan ba ka ƙarasa ba," in ji shi.

Bayan kwana biyu ɗan safiyon ya koma karɓar aiki, ya zaro rula daga aljihu don ya rama, ya ce hatimin ya fi yadda aka ce faɗi da kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci. Daga ranar mai hatimi ya laƙaba masa Malam Inci. Shi kuwa dama duk titin Baibai ake ce masa, saboda rubutunsa na baibai.

Haka suka yi shekara hamsin. Teburin Baibai ƙafa huɗu ne a tsawo, biyu da rabi a faɗi, yana da aljihu guda cike da 'yan marikai na katako, da wani ɗan madubi da yake duba aiki a ciki kafin ya sa tawada. Makarantu, gidajen burodi, ƙungiyar direbobi, ɗakin shan magani, duk shi ya sassaƙa musu. Yakan ce rabin takardun garin nan ba su zama takardu ba sai da suka bi ta rezarsa. Idan mutum yana karanta jarida a gabansa, yakan riga shi ƙarasa labarin daga inda yake zaune, don karatu a juye ba ya ba shi wuya. Sau da dama an zo masa da surutu ƙasa-ƙasa, a ce ya kwaikwayi hatimin wani ofishi, shi kuwa sai ya ɗaga murya yadda masu layin gidan waya za su ji, ya ce, "Wane ofishi ka ce? Maimaita, kunnena ya yi nauyi." Da wannan tebur ya aurar da 'ya'ya mata uku. Da matarsa ta rasu, kwana bakwai kawai ya yi bai fito ba. Injin yin hatimi ya shigo gari, aiki ya ragu ƙwarai, amma ƙarfe takwas ba ta taɓa yi masa a gida ba.

A hagunsa akwai Mai Agogo da akwatinsa na gilashi. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ya gaji wurin daga mahaifinsa da ya rasu a 1998. Baba yake ce wa Baibai, kuma shi ke kama masa tebur su shigar da shi lungu idan an tashi.

Malam Inci ya daɗe da yin ritaya, amma kullum da hantsi yana bangon, a kan wani benci da ya zama nasa. A nan ya ga sanarwar hukumar tsara gari, shafi huɗu, an manna ta a ƙofar gidan waya. Ya sa tabarau ya fara karantawa, yana gyaɗa kai. Za a hana motoci bin titin daga safe zuwa yamma. Za a shimfiɗa dutse, a dasa itatuwa, a sa kujeru. Kowane kanti na ƙasa zai sa gilashi a gaba, masu walda da masu faci za su koma bayan tasha. Abin ya yi masa daɗi, don ya tuna titin a ƙuruciyarsa, lokacin da mutum kan tako daga banki har shataletale yana gaisawa da jama'a babu mai danna masa hon.

Sai ya zo sashe na tara. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. A bar wa masu tafiya a ƙasa mita biyu cif. Mai sana'a ɗaya tak aka yarje wa a kowace mita goma ta bango, kuma wanda ya fi daɗewa da kansa a wurin shi ke da fifiko.

Ya koma gida ya ɗauko tsohon tef ɗinsa na awo, ya dawo ya kafa bakinsa a kusurwar bango.

"Malam Inci, likkafani za ka ɗinka wa gidan waya?" in ji Baibai.

Malam Inci ya ja tef har ɗaya kusurwar, ya tsuguna ya duba. Mita goma sha tara da santimita saba'in. Ya sake daga wancan gefen. Ya sake na uku. Santimita talatin ne suka rage bangon ya cika ashirin, ko tsawon rular ɗan makaranta bai wuce ba. Bangon mutum ɗaya zai ɗauka.

"Wai lafiya? Ka yi fari fat kamar ka ga gawa," in ji Mai Agogo.

Da ya yi musu bayani, Mai Agogo ya saki ɗan sukurun da ke bakin hantsakinsa, ya faɗa ƙasa, bai ma neme shi ba.

"Haba Baba Inci! A kan santimita talatin? Ka ja tef ɗin nan da ƙarfi mana, ai roba ce!"

"Ƙarfe ne," in ji Malam Inci. "Kuma ko na ja, su da na'ura za su auna."

Da na'urar kuwa suka auna, kuma abin da ya samu suka samu. Bayan mako guda aka kawo wa kowannensu takarda: a tashi cikin kwana talatin, sai fa wanda ya sami izini. A ƙasan takardar an buga jan hatimi. Baibai ya ɗaga tasa ya kalli haske, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi wata irin dariya.

"Malam Inci, dubi wutsiyar wannan S ɗin. Wa ke lanƙwasa ta haka a garin nan?"

Malam Inci ya duba, ya gane hannun abokinsa.

"Wata biyu ke nan," in ji Baibai. "Wata yarinya mai fara'a ta zo ta ce injin ba ya fitar musu da shi da kyau, na hannu suke so. Abin da za a rubuta a kai: A TASHI. Har na ce mata, 'yata, wane mai tsautsayi ne za a tasa? Na zauna na gyara shi sosai don kada a raina aikina."

Daga ranar zaman bangon ya canza. Mai Agogo yana gaishe su, yana kama tebur da yamma kamar kullum, amma hira ta ɗauke. Wata rana Malam Inci ya ji shi yana gaya wa wani mai kawo gyara cewa a bayan tasha babu mai ɗaura agogo, kowa wayarsa yake dubawa, masu agogon da suka rage duk ma'aikatan bankin nan ne da na kotu. Malam Inci ya ji babu daɗi. Amma doka ta ce wanda ya fi daɗewa, kuma shi bai ga yadda abokinsa zai rayu ba tare da bangon nan ba.

Matsalar ita ce shaida, don Baibai bai taɓa ajiye takarda ko ɗaya ba. Malam Inci ya yini biyu yana kwance akwatunan da ke ƙarƙashin gadonsa, matarsa na mita a kan ƙura, har ya samo abin da yake nema: kwafin zanen fuskar titin da ya yi a 1976, da kwanan wata da sa hannun shugabansa. A jikin bangon gidan waya ya zana ɗan tebur, ya rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa, mai hatimi.

Ya sa rigarsa ta zuwa ofis, ya ja Baibai har hukumar. Jami'ar da ke kula da izini ita ce mai fara'ar nan. Da ta ga Baibai ta gane shi, ta sa hannu ta rufe baki.

"Wayyo Baba! Wallahi ban san kai zai faɗa wa ba."

"Ya bugu da kyau dai, ko?" in ji Baibai.

Ta duba zanen, ta ce babu wanda ya kawo shaida mai ƙarfinsa a duk titin, izini na Baba ne, sai dai a rage faɗin tebur. Malam Inci ya cika fom da hannunsa, Baibai ya sa hannu. A hanyar dawowa Malam Inci sai lissafin inda kafinta zai yanke yake yi, Baibai kuwa yana ta kallon ma'aikata suna jera duwatsu.

Ranar da aka kafe sunayen waɗanda suka sami izini, Malam Inci ya biya ta allon hukumar kafin ya wuce bango. Ya bi layi da yatsa har ya zo kan gidan waya, ya tsallaka zuwa gurbin sana'a. An rubuta: gyaran agogo.

Ya hau bene yana haki, ya shiga ofishin ko sallama bai ƙarasa ba.

"'Yata, kun yi kuskure! Shekara talatin da biyar na yi aikin gwamnati ban taɓa ganin irin wannan sakaci ba!"

"Zauna, Baba, ka sha ruwa. Babu kuskure." Ta buɗe fayil ta miƙo masa wata takarda. "Washegarin zuwanku ya dawo shi kaɗai. Na roƙe shi ya je ya yi shawara, ya ce ya gama."

Layi biyu ne da hannun Baibai, rubutu miƙaƙƙe: ya janye, a ba na kusa da shi. Malam Inci ya karanta sau uku. Ya mayar mata da takardar, ya nufi gidan waya.

A bangon, babu tebur. Sai tabo huɗu a siminti inda ƙafafunsa suka ci. Mai Agogo na tsaye riƙe da takardar izini kamar wanda aka ba garwashi.

"Baba Inci, me ke faruwa? Tun da sassafe surukinsa ya zo da amalanke suka kwashe. Na ce Baba ina za ka, ya ce an fi ƙarfinsa a ofis. Wa ya fi ƙarfinsa? Ni ko fom ɗin kirki ban cika ba!"

Malam Inci ya sami Baibai a gidan babbar 'yarsa, can ƙarshen gari. An ajiye teburin a baranda, tsakanin tulun ruwa da igiyar shanya. Baibai na zaune a bayansa da reza, yana fuskantar katanga.

"Ka haukace ne?" in ji Malam Inci, ko zama bai yi ba. "Kwana biyu ina shaƙar ƙura saboda kai! Wa zai biyo ka nan? Kaji za ka yi wa hatimi?"

"Zauna, Malam Inci, kada jininka ya hau a gidan mutane."

"Ba zan zauna ba! Doka ta ba ka. Kai ka fi daɗewa, a rubuce yake."

"A rubuce daga saba'in da shida. Kai kuma ka same ni a saba'in da huɗu, kana ganin a bangon aka haife ni." Ya hure ɓurɓushin roba. "Na zo garin nan a saba'in da ɗaya, da reza a aljihu. Duk inda na ajiye kwali sai a kore ni. A lokacin ma mutum ɗaya gidan waya suka yarje wa, kuma mahaifin yaron nan Mai Agogo ne. Ban san shi ba, bai san ni ba. Ya gan ni ina ta yawo a rana, ya ja akwatinsa gefe, ya shiga ya ce wa shugaban gidan waya ni ƙanensa ne. Mutumin da ko ƙaryar minti biyar ba ya yi a kan agogo."

Malam Inci ya zauna a bakin baranda ba tare da ya sani ba.

"Shekara hamsin muna tare, ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Shi ya ce in bar shi a cikina, har ya rasu bai gaya wa ɗansa ba. Aron wuri ya ba ni, aka zo aka ce mutum ɗaya. To na wa zai zama?"

"Yaron yana can yana tambayar wanda ya fi ƙarfinka a ofis."

"Ka ce masa ba ka sani ba."

"Ni ba na ƙarya."

"To ka yi shiru, shi ma ai ka iya." Baibai ya ɗauki madubi ya duba robar, ya miƙa hannu. "Ba ni rularka. Na wata makaranta ne, sun ce inci biyu, kuma na san halinka."